Rasuwar Uwarmu Misis Mabel Ishaya, da Amsar da Ta Tafi Tana Jira

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Zumuntar Mata Masu Jinyar Sankarar Mama ta Karmo da Nyanya ta samu labarin rasuwar uwarta kuma mai ba ta shawara, Misis Mabel Ishaya, tsohuwar babbar jami'ar haɗa magunguna, wadda Allah Ya yi wa cikawa a nan Abuja bayan jinyar ciwon zuciya.

Mun san marigayiya tun shekarar 2012, lokacin da take tara mu a wata rumfa bayan tashar Nyanya, mu da likita ya rubuta wa ƙwayar tamoksifen muna sha ba mu san aikinta ba. Da motar haya ta yi mana bayani. Ta ce jikin mace yana yin wani sinadari, istirojin, kuma a cikin ƙwayoyin halittar mama da ƙashi da mahaifa akwai mazaunin da aka tanadar masa, kamar kujerar direba. Idan ya zauna sai mota ta tashi, kuma wani nau'in sankarar mama da wannan tashin yake girma. Ita ƙwayar riga shi zama take yi. A mama sai ta zauna ta ƙi tayar da mota, a ƙashi ta ja a hankali ya ƙara ƙarfi, amma a mahaifa takan taka mai fiye da yadda ake so. Takan yi dariya ta ce direba ɗaya ne, hali uku, sai a sa masa ido.

Da muka koma Karmo ne ta gano kuskurenmu. Idan mace mai shan ƙwayar ta ga jini bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa, ba asibiti take nufa ba, wajen malamar Islamiyya take zuwa ta tambayi hukuncin salla da azumi, ta samu amsa ta koma gida hankali kwance. Marigayiya, wadda Kirista ce, ta yafa mayafi ta bi makarantun nan ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi malamai mata su riƙa ba da amsar addini cikakkiya, sannan su ƙara da cewa a je a duba mahaifa. Malama Maiturare ce ta fara amsa mata, har yau kuwa ba ta sallamar mai irin wannan tambaya sai ta ji ranar da za ta ga likita.

Ta wannan hanya aka tura 'yata Safara'u asibiti a bana, bayan ita ma ta ga jini tana cikin shan ƙwayar. Ni Indo, da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura don in iya karanta kwalin maganinta, na kasa ci na kasa barci, ina ganin maganin da ya tsare mata mama shi ne zai cinye mata mahaifa, har na so ta daina sha. Marigayiya, tana kwance a gadon asibiti, ta aiko a ce mini kada in kuskura, in bari likita ya duba tukuna. Iyalanta sun shaida mana cewa duk wanda ya shiga gaishe ta daga Karmo, sai ta tambaye shi ko sakamakon gwajin yarinyar Indo ya fito.

A madadin Shugabar Ƙungiya, Hajiya Fiddausi Sale, da dattawan amintattu da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Dattijo Ishaya, da 'ya'yanta Injiniya Nathan da Malama Joy, da jama'ar majami'arta. Allah Ya ba ta hutu, Ya ba ku juriyar wannan babban rashi, Ya saka mata da alherin da ta yi mana.

Muna kuma roƙon iyalai su karɓi amsar da ba ta tsaya ta ji ba. Sakamako ya fito washegarin rasuwarta: ɗan tsiro ne marar illa, an cire shi, ba sankara ba ce. Safara'u tana gida, ta sha ƙwayarta yau da safe.

Sa hannu:
Malama Indo Badaruddeen
Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Karmo, Abuja