Fuskar Mai Kitso

Litinin, 3 ga Maris

Likitan ido ya sa rana, ashirin ga wata za a cire mini yanar. Ya ce yawanci ana dacewa. "Yawancin" nan ne ya tsaya mini a wuya. Saura kwana goma sha bakwai, ga zanen shafin ƙarshe ban ko fara ba.

Labarin dai na gama rubuta shi tun bara, da ɗan ajina huɗun nan. Labarin Mai Kitso, wanda na ƙaga don jikoki masu gudun tsefe. Yarinyar da ta ƙi zama a yi mata kitso, sai wata mata ta zo da rana tsaka ta zauna a bayanta, ta kama kai, ba magana, ba a ganin fuskarta. In aka waiwaya kuwa... ban taɓa faɗa musu ba, don ni ma ban sani ba. Jikoki mata biyar na ladabtar da shi.

Babbarsu, mai aiki a shagon buga takardu, ita ta ce in yi zanen da hannuna ta haɗa mini littafi. Aku nake ce mata, bakinta ba ya hutu.

Laraba, 5 ga Maris

Aku ta zo dubawa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai mutanen littafina duk gaba suke da mai karatu, kowa ya juya ƙeya. Ta nuna akuyar da na zana ta ce kujerar wa ce wannan. Na ce ta mijin da za ki aura ce, shi ma ƙafa huɗu gare shi.

Amma gaskiyarta. Ban iya fuska ba. In na zana ido ɗaya sai ɗayan ya tafi unguwa. Shi ya sa kowa ta baya nake zana shi, Mai Kitso kuma kullum kan yarinyar ya tare ta, hannuwa kawai ake gani.

Ta ce a shafin ƙarshe dole yarinyar ta waiwaya a ga fuska, in ba haka ba an cuci mai karatu. Na ce wa ya tambaye ki. Da ta tafi na fere fensir.

Asabar, 8 ga Maris

Fuska uku na zana, uku na goge. Ta farko ƙwarya, ta biyu mujiya, ta uku ta fito sak maƙwabcinmu mai gyaran rediyo. Gyatuma da ni na zauna ina wasan 'yan makaranta. Wa ya aike ni?

Lahadi, 9 ga Maris

Surukata ta kawo mini ruwa, ta leƙa takardun, ta ce, "Mama, ashe bahaguwa ce matar?"

Na ce ina. Ta nuna mini. Tsinken tsefen a hannun hagu yake. Na jawo sauran zanen, guda takwas, na kai su dab da ido ɗaya bayan ɗaya. Duka hagu. Kuma a kowanne ɗan ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake, kamar wanda ya taɓa karyewa. Ni ban yi niyyar haka ba. Ban ma san na yi ba.

Innata bahaguwa ce. Ina shekara shida ta rasu, ba hoto, ba komai. Abin da na riƙe nata: gwiwoyi biyu da suke matse mini kafaɗa, ƙamshin man kitso, da ƙwanƙwasar tsinke a tsakar ka in na motsa. "Daina waiwaye." Muryar tana nan. Yatsan ma ashe yana nan. Fuskar ce babu, shekara sittin da ɗoriya ina nema. Ban taɓa gaya wa kowa ba, abin kunya ne a ce mutum ya manta fuskar uwarsa.

Talata, 11 ga Maris

Ban taɓa fensir ba. Na kife takardun na ɗora musu dutsen guga.

Alhamis, 13 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Bayan azahar na zauna a kujerar bakin taga, kaina a tsefe, ba ɗankwali saboda zafi. Gidan shiru, surukata tana wurin aiki, yara suna makaranta, ƙofa a sakace. Barci ya ɗauke ni. Da na farka sai na ji bayan kunnena na hagu yana ja. Na kai hannu. Kitso ne, ƙwara ɗaya, siriri, a matse tun daga tushe har ƙarshe. Kuma kwanciyarsa a juye take, irin ta hannun bahago.

Surukata ta ce wataƙila ni na yi cikin barci. Da waɗannan yatsun, da ko maɓallin riga sai an taya ni?

Aku kuwa cewa ta yi mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ta rantse shiri ne nawa, tunda ni ce na taɓa sa mata ƙadangaren roba a takalmi. Matsalar mai tsokana ke nan, ranar da ya zo da gaskiya ba mai saye.

Ban tsefe shi ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na ɗaga dutsen guga. Idon yau kamar ana tafasa ruwa a gabana. Fuska huɗu kuma, duk na goge. Takardar ta yi laushi, ta yi toka-toka, abin gogewar ya kusa ƙarewa.

Aku ta tausaya mini, ta sa wani abokin aikinta ya zana fuskar a kwamfuta, ta nuna mini a waya. Haƙora zaƙo-zaƙo, ido jajir. Ban san lokacin da na ture wayar ba.

"Ba haka take ba."

"To yaya take, Kaka?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ta tare mini haske.

Litinin, 17 ga Maris

Yau na yi niyyar yaga shafin in huta. Littafi ya fita da ƙeya, duniya ba za ta tashi ba. Kafin in yaga na ɗaga shi saitin taga in ga ko ya huje.

Ni dama danna fensir nake kamar mai sassaƙa, Aku ta sha yi mini tsiya a kai. To ashe duk fuskar da na goge ta bar sawunta a jikin takarda. Guda bakwai, ɗaya kan ɗaya. Da rana ta ratso sai sawun suka haɗu, ido daga wannan, hanci daga waccan, haɓa daga mai gyaran rediyo. Fuska ɗaya, tana kallona.

Yarinya ce. Ba ta kai Aku ba. Duk tsawon shekarun nan tsohuwa nake nema, ban taɓa lissafa cewa yanzu na ninka shekarunta uku ba. Ta gaji, ta ɗan cije leɓe irin na mai aikin da ba ta so ya ɓaci.

Na manna takardar a gilashin taga na bi sawun a hankali. Ina cikin yi ɗakin ya ɗauki ƙamshin man kitso. Babu mai irin wannan man a gidan nan. Kujerar da ke bayana ta yi ƙara ɗaya, irin ta in an zauna.

Na ce, "Ban waiwaya ba, Inna. Saura kaɗan."

Na gama kafin la'asar.

Ko ita ce, ko ba ita ba ce, duk wanda zan tambaya ya riga mu gidan gaskiya.

Laraba, 19 ga Maris

Aku ta zo karɓa. Ta daɗe tana kallon shafin, ba tsiya ko ɗaya, har na tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta shafa goshinta, ta ce wannan ai goshinta ne. Ta ce kuma matar ba ta da ban tsoro, sai an sake ƙarshen labarin.

Na karɓi biro na ƙara layi biyu a ƙasa: yarinyar ta waiwaya, matar ta dube ta, ta ce, "Kin gan ni? To juya, saura ɗaya."

Gobe da safe asibiti. Surukata ta so ta tsefe mini ƙwarar nan ta yi mini sabo. Na ce ta bar shi, ba ya cizo.

Lahadi, 30 ga Maris

An dace. Ina ganin har ƙurar da ke kan kabad, surukata ta shiga uku.

Littafin ya zo, guda goma. Yanzu da ido ya buɗe na ga aikina sosai. Akuyar kujera ce, ba musu. Fuskar ma ido ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Aku ta ce a gyara a bugu na gaba, na ce kul.

Na kashe wa kaina kasuwa dai. Autar jikokin ta ƙi zama a gaban uwarta jiya, wai Mai Kitso take jira.

Ƙwarar nan ta fara warwarewa. Sauran kan yana nan a tsefe, ban samu lokaci ba ne. Na sa an kawo mini 'yar kujerar tsugunno an ajiye a gaban ta bakin taga, a nan nake zama yanzu bayan azahar, babbar kuma a bayana ba kowa. Hasken ya fi kyau daga ƙasa, shi ke nan.