Agogon Baba Ya Tsaya A Hannuna

Hajiya Raudatu, assalamu alaikum. Taimako nake nema, kuma ki sani wannan ne karo na farko da na buɗe baki na nemi shawarar wani mahaluki.

Bari in fara gaya miki ko ni wane ne, don kada ki ɗauka rago ne ya rubuto miki. A aji uku na sakandare na ajiye karatu. Ba wanda ya koya mini gyaran injin ban-ruwa, na maƙwabcinmu na kwance na mayar ya tashi. Daga nan na shiga injin niƙa, na shiga babur, na shiga janareta. Gidan da nake ciki ni na buga bulonsa. Makka na je, ba da kujerar kowa ba. Tun daga ƙauyenmu har cikin Kunci, in inji ya ƙi tashi ni ake aikowa.

To, abin da ya kayar da ni bai kai murfin kwalba girma ba.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana da agogon aljihu mai sarƙa tun zamanin da yake awon gyaɗa. Ba mai batir ba ne, irin wanda ake yi wa wani ne, wato a murza kansa, kowace safiya. Da hannunsa ya fara rawa, ƙanwata Kulu da ta baro gidanta a Shanono ta zo jinyarsa ita ta karɓi yin wanin. Da ya rasu aka zo rabon gado, ta roƙi a sa mata agogon a nata kason. Har dariya muka yi mata. Shekara biyu ke nan, ba ta bar shi ya tsaya ko sau ɗaya ba.

Watan jiya na je gaishe ta, na tarar ɗan kan nan da ake murzawa a yi wanin ya tsage ya faɗi tuntuni. Saura tsinken ƙarfen da yake zaune a kai, shi take kamawa da matsefatar cire ƙaya tana juyawa. Ƙanwar mutum irina, da matsefata. Na ce ta ba ni kwana uku. Ta ce ita haka ma ya ishe ta. Na nace, a gaban mijinta kuma, har ta naɗe shi a gefen mayafi ta miƙo, ta ce amana, kada in manta da wanin safe.

Na kalli bidiyo a waya, wani Bature da safar hannu ya gama aikin cikin minti huɗu. Na shiga Kano na samo kan wani guda uku na matattun agoguna. Na farko ya yi girma. Na biyu tiredinsa, wato zaren murɗinsa, bai hau ba. Na uku ya shiga rabi ya tsaya, sai na kama tsinken da filaya na ƙarasa shi da ƙarfi, don a sanina ƙarfe ba ya gardama da ni. Ya zauna, a ɗan karkace dai, amma ya zauna. Ina ganin na gama, sai na ce bari in saita lokaci. Na ja kan waje kamar yadda ake yi wa agogon hannu, ya ƙi. Akwai wani ɗan ƙusa a gefen wuyansa, na ɗauka ado ne. Na ƙara ja. Tsinken ya karye, rabi a hannuna rabi a ciki.

Kada in ɓoye miki sauran. Na buɗe bayansa in ciro guntun, na kwance wani sukuru da bai kai ƙwayar gero ba, ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. Na tankaɗe ƙasar shagon nan da rariyar maiɗakina, ban gan shi ba, sai da na bi da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika. Na ajiye sukurun da mayen ƙarfen da agogon tare a gwangwani guda. Na kuma ɗiga masa man keken ɗinki, don inji ba ya ƙin mai.

Ya ci gaba da tafiya da sauran wanin da ke jikinsa. Ranar Laraba da hantsi, sha ɗaya da minti ashirin, yana tafin hannuna ya yi shiru. Na wanke gawar Baba ban yi kuka ba, amma ran nan rufe shagon na yi.

Kulu tana kira kusan kullum tana tambaya ko ina yi masa wani, ina cewa e. Shekaranjiya ta ce in kara mata shi a waya ta ji motsinsa. Na kara mata agogon bango. Ta saurara, ta ce muryarsa ta yi kauri, Yaya. Na ce gyara ne.

Ƙarshen watan nan za ta zo bikin 'yata, kuma da agogonta za ta koma. Hanya uku nake gani: in yi wa tsinken walda, ko in sa masa gam, ko in cire cikinsa gaba ɗaya in dasa na batir, ta huta da wani. Ba zan kai wa masu gyaran nan kusa ba, duk sun san ni. Ki tambayar mini wanne ne ba za a gane ba.

Abu na ƙarshe. Na ga kina sakaya sunan masu rubuto miki. Ni ban taɓa yin abu a ɓoye ba, kuma duk yankin nan ba wanda ya taɓa buɗe irin wannan agogon shi kaɗai sai ni. Kulu ba ta karanta jarida. A rubuta sunana cikakke, da sunan ƙauyenmu.

Daga wani Alhaji mai gyaran inji, ƙasar Kunci

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ji ƙan Baba.

Na kai wasiƙarka wurin Malam Nababa, wani dattijo da ya haura shekara arba'in yana gyaran agogo a cikin birni. Da na zo wurin filaya ya dafe kai, da na zo wurin man keke ya ce in dakata ya sha ruwa. Ga abin da ya ce. Walda za ta ƙone shi. Gam zai gangara ciki ya kama abin da bai kamata ba. Ka raba shi da mayen ƙarfen nan yau, don yana rikita tafiyar agogo. Ka haɗa guntun tsinken da ke hannunka da sukurun a takarda, ka rufe bayan, kada ka ƙara taɓa komai. Ya ce yawanci ana samun wani tsinken, ko a sassaƙa sabo, sannan a nemo kan da ya dace da shi, a wanke man. Ba aikin kwana uku ba ne, kuma ba zai yi alkawarin ranar biki ba. Ɗan ƙusan da ka ɗauka ado ne, a tsofaffin agoguna da yawa shi ake dannawa da farce a murza kan, sai hannuwan su juya. Ba a ja. Kulu ta san wannan, da ka tambaya.

Ban raina niyyarka ba. Ka ga ƙanwarka tana wahala ka so ka sauƙaƙa mata, kuma wanda ya rufe shago saboda agogo ya tsaya ba mugun yaya ba ne. Duk wanda ya fara sabon aiki sai ya ɓata wani abu. Amma a kan matattun agoguna ake koyo, ba a kan amana ba.

Batun batir kuwa, cire shi daga ranka. Wayarta tana nuna lokaci. Abin da Kulu take so shi ne wannan murzawar ta safe da ta saba yi wa mahaifinta, kai kuma ita kake shirin hutar da ita daga gare ta.

Sannan matar da ta shekara biyu tana kwana da motsin agogon nan a kunnenta, kana ganin ba ta san na bango ba? Ta sani, Alhaji. Kunyarka ta ji a matsayinka na yaya, ta bar maka ƙofa a buɗe. Kada ka jira biki, inda za ta ji a cikin taro. Ka hau babur ɗinka ka je Shanono a makon nan da agogon a aljihu, ka faɗa mata yadda ka faɗa mini, har da agogon bangon. Ka nemi gafararta, sannan ka tambaye ta ko ta yarda a kai shi Kano, don nata ne. In ta yi fushi, tana da haƙƙi, ka zauna ka saurara.

Sunanka kuwa na sakaya shi, ka yi haƙuri. Kulu ba ta karanta jarida, amma tana da 'ya'ya masu waya, kuma bai kamata kowa ya riga ka kai mata labarin nan ba. Ranar da ta rubuto mini cewa ta yi masa wani da hannunta, zan buga sunanka da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin nata.

Allah ya sanya alheri a bikin, ya kuma sassauta zuciyarta a kanka.

Raudatu