Akwatin da Ke Ɗiga

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramin?

Ina rubuta miki Baba na tsaye a kaina yana tambayata, karo na ban san nawa ba, ina ake zuba wa akwatin mai. An sallamo Mama da na'urar numfashi, bisa sharaɗin kada wuta ta yanke mata. In ta yanke, asibiti za ta koma. Kin san ta rantse gara komai da gadon can. Shi ne aka girka mana wani akwati a baranda, mai aiki da iskar haidirojin, ya karɓi aiki duk sanda aka ɗauke wuta.

Na yi wa Baba bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibaina. Haidirojin na shigowa daga silinda ta ɓangare ɗaya, sai ta rabu biyu. Rabi ya ratsa wata siririyar fata mai kama da leda. Ɗaya rabin, ilektiron, fatar ba ta barinsa wucewa, dole ya zagaya ta waya, kuma zagayen nan shi ne lantarki. A can gaba su haɗu da oksijin na iska, su zama ruwa, ya fita ta ƙaramin bututu. Ba hayaƙi, ba ƙara.

Ya saurare ni da ladabi, irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran famfo, na ce masa ruwa na fitowa daga inda ba a zuba ba. Ya ce to, Allah ya ƙara ilimi. Ban san me wannan "to" ɗin ke nufi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mama lafiya lau, na fara da wannan don kada ki tsallake layi.

Shekaranjiya da rana aka ɗauke wuta. Akwatin ya kama, can sai ya mutu. Na'urar Mama ta hau kuka, na jawo mata silindar oksijin ta ajiya, digirina bai tsinana komai ba. Da ma'aikacin kamfanin da ya girka akwatin ya zo, ya tarar an toshe bututun ruwan, an naɗe shi da farin tef, naɗi mai kyau har sai da ya yaba. Ruwan ya koma ciki ya cika hanyar iska. Akwatin ya shaƙe, a taƙaice.

Baba bai musa ba. Ya ce bai taɓa barin bututu na ɗiga a gidan wani ba, balle gidan da matarsa ke kwance. Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa da wa. Sai kawai na ce masa in babu wuta, muddin bututun na ɗiga, Mama na samun iska. Wannan karon bai ce "to" ba.

Nas ɗin da asibiti ke turo wa Mama ta zo jiya. Ta yarda Mama ta zauna gida, amma kuskure ɗaya ya rage mana.

Yau da safe an sake ɗaukewa. Na fito zan tafi makaranta, na same shi kan kujera a baranda. Ya cire bokitin roba da na ajiye ƙarƙashin bututun, ya sa kwanon ƙarfe, wai ya fi ƙara. Na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Na tsaya da jakata, ni ma ina jira. Da ruwan ya ɗiga a kwanon, na ja ƙofar a hankali na fita.

Ki kira Mama, amma kada ki yi wa Baba maganar tef.

Taki kullum,
Auta