Ƙashin Akuya a Wuyan Yaran Ajina

Inna Ummusalma, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni malamar aji ɗaya ce, bana aka turo ni Dapaong daga Sokodé. Yara sun haura tamanin, huɗu huɗu a benci, wasu a ƙasa. Wannan na kuka an sace masa alli, wancan na barci, ni kuwa kafin azahar muryata ta dishe.

A lekol ɗinmu, wato makarantarmu, akwai wani ƙashin akuya da aka ɗaure wa igiya. Duk yaron da aka ji yana yaren Moba ko Hausa a aji maimakon Faransanci, a rataya masa, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Direkta, shugaban makarantar, ya ce dole ne, shi ma da haka ya iya Faransanci.

Akwai wata 'yar mitsitsiya, Husseina, 'yar wani mahauci a Zongo. Wata rana ina duba alluna, ina raba faɗa, ga iyaye a bakin ƙofa. Na hango ta tana ɗaga hannu tana saukewa, na ce a raina zan zo. Ashe fitsari ne ya matse ta. Ba ta iya neman izini da Faransanci ba, kuma mai ƙashin na kusa da ita ya kasa kunne. Haka ta yi shi a zaune, aji ya ɗauki ihu. Wayyo Inna, yarinyar ko kuka ba ta yi ba!

Tun ranar ba ta dawo ba. Ubanta ya ce a ƙyale ta, ta riƙa taya uwarta sai da koko. Na yi wa direkta magana, ya ce ta sangarce ne. Wallahi na gaji, ji nake in tattara in koma Sokodé. Me ya rage?

Malama mai baƙin ciki, Dapaong

'Yata, sannu. Ba zan yaudare ki ba: direkta ba zai jefar da ƙashin nan don ke ba, kuma mai yiwuwa Husseina ba za ta dawo ba. Shi ma ba mugu ba ne, jarrabawa da Faransanci ake yin ta, abin da yake tsoro ke nan. Uban kuwa 'yarsa yake karewa daga dariya, kar ki ga laifinsa.

Amma in kin tafi, wani za a kawo, ƙashin kuma na nan. Gobe ki ajiye darasi, ki koya wa ajin kalmomin neman izinin fita har kowa ya iya. Ki kuma sanar da su cewa mai jin fitsari ya tashi kawai.

Sannan ki je wurin uwar, ba uban ba. Ki zauna a bakin tukunyar koko, ki ba da haƙuri, kada ki yi zancen lekol a zuwan farko.

In Allah ya sa ta dawo, ki tare ta a bakin aji, ki yi mata barka da zuwa da Hausa, da ƙarfi, kowa ya ji. Sai ki karɓi ƙashin, ki rataya a wuyanki, ki wuni da shi.

Allah ya sanyaya miki, ya dawo da ita.