Ƙaro a Tayar Motar Baba

Haɗejia,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Zainulabideen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Adila da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da zama lafiya, Ya sa ka kammala karatun nan cikin nasara, Ya dawo mana da ku gida cikin aminci. Mu nan alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har ta koma zuwa gidajen suna. Gwaggo Larai ta zo daga Birniwa ta yi mana 'yan kwanaki, bakinta yana nan yadda ka san shi. Damina kuwa bana ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya batse, maigidana Abdulganiyyu kullum yana fadama yana duban shinkafarsa kamar mai jinya. Kowa a gari idonsa yana kan jingar da ke tare kogin, muna dai roƙon Allah Ya tsare mu daga ambaliya.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira ina gidanmu, Inna tana gefe, Baba yana gefe, ba ni da bakin faɗin abin da ke raina. Da na ji abokinka Muttaka zai koma can Malesiya sai na ce gara in zauna in rubuta maka komai a tsanake. Maganar Baba ce, da 'yar motar wasan nan mai rimot da ka aiko masa. Yaya, hankalina a tashe yake.

Ka tuna yadda ka bar shi bara bayan shanyewar ɓarin jikin nan: kwance, fuska a bango, hannun hagu ko carbi ba ya riƙewa. Da motar ta iso har dariya na yi maka, na ce Yaya ya aiko motar hawan dutse garin da babu dutse, ko ya manta Haɗejia yashi ce da laka? Shi ma Baba da farko fushi ya yi, ya ce mutumin da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Malam Madori da Birniwa tun hanya tana burji, yau shi ake aiko wa abin wasan yara. Amma ka san direba da sitiyari. Wata rana na shigo na tarar ya sa an jera masa dutsen niƙan Inna da guntayen bulo da tsohon turmi a tsakar gida, yana zaune a kujera yana lallaɓa motar tana hawa. Gaskiyarka ce da ka ce zai motsa yatsunsa. Yatsan hagun nan da yake jan mai da shi a jikin rimot ɗin ya farfaɗo, yanzu da kansa yake ɗaukar buta, yake ɓalla maɓallin rigarsa. Ya fara yi wa Inna tsiya kamar da, ya koma sallah a masallaci. Ranar da na ji dariyarsa daga soro sai da na tsaya na share hawaye kafin in shiga.

Daga nan sai maganar taya ta shigo, kuma tun daga lokacin babu wata hira a gidanmu sai ita. Wai injin yana da ƙarfi, tayoyin ne ba sa kama dutse, robarsu ta cika tauri, da ta kai kan gangare sai su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya. Ya ce a zamaninsu in mota ta shiga yashi rage mata iska ake yi don taya ta baje ta kama ƙasa. Ya nemi inda zai sace iskar ya rasa, ashe soso ne a ciki. Sai ya zare tayoyin ya fito da soson ya yayyanke gefensa da almakashin Inna, ya gasa allura a wuta ya huda 'yan ƙofofi don tayar ta riƙa lotsawa. Ya sa reza ya ƙara tsattsaga haƙoran tayar ɗaya bayan ɗaya, da hannun da muka fid da rai da shi. Kullum sai ya wanke su da sabulu ya shanya a inuwa, wai ƙura ce ke kawo santsi. Tayar nan ta fi rigarsa ta Juma'a samun wanki. Abokinsa Malam Zarami masunci ya ciro masa dalma daga tsohon birginsa na kamun kifi, suka buga ta ta yi faɗi, suka naɗa a cikin ƙafafun gaba don nauyi ya danne su. Kuma fa ya yi aiki, motar ta riƙa hawa turmi tana sauka ba ta kifewa.

To, sai tsakar gida ta yi masa kaɗan. Ka san bana an zubo manyan duwatsu a bakin jinga don a tare ruwa, tifa-tifa aka kawo daga nesa. Malam Zarami ne ya ba shi labarinsu, kuma har yau Inna ba ta huce da shi ba. Da farko Abdulganiyyu ke kai shi a babur bayan la'asar, ya zauna a sama kan buhunan yashi yana tuƙa motar a kan busassun duwatsu, mutane suna taruwa kallo. Daga baya ya ce shi ba kaya ba ne da za a riƙa ɗauka ana saukewa, ya fara tafiya da sandarsa shi kaɗai. Mun yi murna da tafiyar, don likita ma ya ce ya riƙa takawa. Abin da ba mu lura da shi ba, kullum ruwa yana ƙara hawa, busassun duwatsun suna raguwa, na ƙasa sun jiƙe sun yi gansakuka, kuma su ɗin ne suka tsone masa ido. Ya ce duk motar da ba ta hau jiƙaƙƙen dutse ba, ba ta yi komai ba.

Sai ga Gwaggo Larai ta zo da tsarabar ƙaro daga Birniwa, irin wanda ake sa wa hula da shadda. Baba ya ga Inna ta jiƙa shi yana kama mata yatsu, nan take idonsa ya yi haske. Ya shafe tayoyin da shi tas, ya bari ya sha iska, ya gwada a kan dutsen niƙa. Wallahi Yaya ni ma na gani, motar ta manne ta hau kamar ƙadangare. Gwaggo har guɗa ta yi, ta ce ashe maganin yana garinsu ake ta wahala. Dukkanmu da muke tsaye a wurin mun san ƙaro, mun san abin da yake zama in ya sha ruwa, amma babu wanda ya tuna. Murna ta rufe mana ido.

Washegari da yamma ya tafi jinga bai gaya wa kowa ba. Yadda Malam Zarami ya ba mu labari, yana cikin kwale-kwalensa ya hango shi ya tura motar kan duwatsun ƙasa. Tayoyin na taɓa lema ƙaron ya narke ya koma yauƙi kamar miyar kuɓewa, motar ta zame ta gangara ta maƙale dab da bakin ruwa. Maimakon ya kira wani, sai Baba ya ajiye sanda ya fara sauka da kansa. Ƙafar hagun ta ci amanarsa. Ya zame har ruwa ya kai masa ƙirji, hannu ɗaya riƙe da dutse, kuma ka san ƙarfin kogin nan a wannan wata. Allah ne Ya sa Malam Zarami yana kusa, shi da wani makiyayi suka jawo shi. An kawo shi gida a jiƙe, gwiwa da gwiwar hannu a ƙuje, ba karaya, alhamdu lillahi. Motar kuwa tana rungume a ƙirjinsa, wai sai da ya sa aka ciro ta kafin ya yarda a ɗauke shi.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe motar da rimot ɗin a tsohon zane ta miƙo mini, ta ce in kai gidana, kada ta sake ganinsu. Ta ce ta yi jinyarsa shekara guda ba don ta je ta tsaya a bakin kogi ana neman gawarsa ba. Wa zai ce ba ta da gaskiya? Na kai, na saka a ƙarƙashin gado. Aka gaya wa Baba wai ruwa ya lalata ta an kai gyara Kano.

Yaya, tun ranar ya koma gado. Raunukan sun warke, amma fuskarsa ta sake juyawa bango. Tuwo sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Masallaci ya daina zuwa, ya ce ƙafa. Jiya na miƙa masa buta na ga ya karɓa da hannun dama, na hagun yana kwance a cinyarsa kamar bara. Da Inna ta fita sai ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarama, ya ce in tabbata na cire batirin kada ya kumbura, kuma in wanke ƙaron daga tayoyin kafin ya bushe a cikin tsagar. Bai tambaye ni inda take ba, ya san babu wata Kano. Na ce masa tsoro muke ji, saura ƙiris mu rasa shi. Ya ce ya sani, kuma kuskurensa ne. Amma wai tun da ciwon nan ya same shi kowa riƙe shi yake yi, a tashe shi, a zaunar da shi, a kai shi, a dawo da shi. Motar nan kaɗai ce shi yake riƙe da ita, in ya ce ta hau ta hau. Na fita na yi kuka a bayan ɗaki.

Ga inda nake. In na mayar masa da ita, na san Baba, ko an ɗaure shi sai ya koma jinga, kuma ruwa bai fara janyewa ba. In na bar ta a ƙarƙashin gado, ina kallo yana komawa inda muka sha wahalar fito da shi. Abdulganiyyu ya ce zai nemi a kawo duwatsu tsakar gida, a riƙa watsa musu ruwa, kuma duk ranar da za a je kogi shi zai raka shi. Na kai wa Inna maganar, ta ce ita ba za ta ɗauki wannan nauyin ba, wanda ya aiko da motar shi zai faɗa, in ka ce a mayar za ta yarda. Don haka magana tana hannunka. Ni dai in ka tambaye ni, ina jin tsoron kogin, amma na fi jin tsoron bangon nan da yake kallo. Don Allah kada ka ja lokaci, da takardar ta iso ka kira Inna, ka lallashe ta, ka faɗi abin da ka yanke. Ina ganin kowace rana tana rage masa wani abu.

Ka gaishe mini da Anti Adila ƙwarai, ka shafa mini kan Sadiya da Usman, ka ce musu Anti tana kewarsu. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka. Gwaggo Larai ta bar saƙon gaisuwa, ta ce a gaya maka ita ba ta sake kawo wa kowa tsaraba. Abdulganiyyu yana gaishe ka, haka ma Malam Zarami, wanda ya kamata ka kira ka yi masa godiya da bakinka. Kafin in rufe takardar na leƙa Baba na ce ina rubuta maka, ko yana da saƙo. Na ɗauka ba zai amsa ba. Har na kai bakin ƙofa sai ya juyo daga bango, ya ce in gaishe ka, in ce maka Allah Ya yi maka albarka, kuma in za ka aiko da tayoyi ka matsa su da yatsa tukuna, masu laushi yake so, guda huɗu.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ummussalma.