Isuhu Bisa Gora a Jaridar 'Yan Lakwal

Zuwa ga yayana Isuhu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Inna tana gaishe ka, matarka Mariyama tana gaishe ka, yara duk ƙalau. Wanda zai karanta maka, shi ma ina gaishe shi, ya yi haƙuri da rubutuna, na karatun manya ne, bai gama nuna ba. In kuma abokan aikinka sun kewaye ku suna saurare, su matso kusa, ba asiri ba ne.

Yaya, ranar Juma'ar da ta wuce, da hantsi, a ƙofar zauren Liman, na ga ɗiyarka Rabi tana dariya har da riƙe ciki. Ka san dariyarta, yadda take toshe baki da gefen kallabi don kada a ga wushiryarta. To ran nan ba ta ma tuna da kallabin ba. Tun da muka raka ka tasha ban sake ganin haƙoranta duka a waje ba sai wannan safiya. Shi ya sa na nemi takarda na zauna. Amma sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya ba ta dariya ba.

Bayan girbi, diraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, ya ɗauke ni aikin gyaran rumfunan kara, don gara ta ci su har rana na leƙa yara. Ajin su Rabi, na manyan nan masu shirin jarrabawar sartafika, a cikin ɗaya daga rumfunan yake. Ina ɗaurin kara ta waje, su suna karatu ta ciki, tsakaninmu ba abin da ya kai kaurin tafin hannu. Faransancin da na tsinta kafin Baba ya maido ni gona bai wuce gaisuwa ba, amma ido ba ya bukatar Faransanci, kuma in gardama ta yi zafi yaran da Hausa suke yinta.

Suna da sabon malami, Mushe suke ce masa da Faransanci, wani dogo ɗan Damagaram, mai yawan dariya. Wata rana ya shigo ya ce musu ajin nan za su yi jarida tasu ta kansu, irin wadda ake kawowa daga Yamai, amma ƙarama, kuma kowane labari na cikinta na Madarumfa ne. Ya ɗauki alli ya zana akwatuna a jikin allo, a jere, kamar mai raba kwamin lambu. Ya ce kowane akwati shafi ne, su faɗi abin da za a shuka a ciki.

Da ka ji hayaniya! Wannan ya ce labarin kasuwa, wancan ya ce ka-cici-ka-cici. 'Yan mata suka ce a rubuta yadda ake tace ruwa da ƙyalle saboda kurkunu. Maza suka ce wasan ƙwallon da suka yi da 'yan Safo, sai dai rabinsu na cewa kada a faɗi yadda aka tashi, tunda mu aka ci. Mushe ya ce jaridar da ke ɓoye cin da aka yi mata ba jarida ba ce, kirari ne. Wani ɗan ƙarami daga baya ya ce a sa labarin jakin mai gadi da ya shigo aji ya cinye masa kaye, littafin rubutunsa. Mushe ya yi dariya har ya dafa allo, kuma ya rubuta shi a akwati.

Wajen suna ma an sha fama. Wani ya ce a sa mata Tarwaɗa, don ba ta saurin mutuwa. Daga ƙarshe suka tsaya a kan wani suna na Faransanci, ma'anarsa bakin tabki. Ni dai Tarwaɗar ta fi yi mini, amma ba wanda ya tambayi mai ɗaurin kara.

Abin da ban taɓa sani ba shi ne jarida aunawa ake yi. Yaro ya kawo labari mai tsawo, Mushe ya ɗora masa abin ja-layi ya ce akwatin bai ɗauka, a rage. Ka ga yaro yana soke maganarsa kamar ana cire masa ƙaya. Ya kuma hana su cika takarda baki da baki, ya ce a bar fili a gefe, nan zare zai bi. Akwati biyu kuwa ya hana a taɓa, na farko da na ƙarshe. Ya ce waɗannan na hoto ne, gaban jarida da bayanta, duk mai iya zane ya kawo nasa a zaɓa.

Daga ranar Rabi ta canza. Ta fara a ƙasa, da tsinke, a tsakar gida, tana zanawa tana sharewa da ƙafa. Sannan ta koma cikin kaye. Wata la'asar ta ce, Baba ƙarami, don Allah sauko da gorar Baba. Na sauko da ita daga inda ka rataye ta, na kakkaɓe. Ta ce in kwanta a kai yadda kake yi in ka shiga ruwa, ta ga inda ƙafafu suke komawa. Na kwanta rub da ciki bisa gora a tsakar gida, ina iyo a cikin rairayi, kaji suna kallona. Inna ta fito ta gan ni ta ce, yau ga masunci a tudu, Allah ya sa ka kamo mana na miya. Mariyama kuwa sai da ta aje tire ta zauna don dariya.

Ƙafafun nawa ne, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma wuyan naka ne. Yadda kake karkatar da kai hagu in kana duban ruwa, kamar kifin zai raɗa maka wani abu, da malafar nan taka mai tsagaggen baki, ba wanda ya nuna mata. A kanta ta ɗauko su.

Na tambaye ta don me ta dage sai hoton nan ya hau gaba. Ta ce, Mushe ya ce kowa zai samu guda ya aika wa wanda yake so. Baba ba ya karatun boko. Duk saƙon da na aika masa, sai wani ya karanta masa. Ina son in aika masa abin da zai gani da kansa, ba sai an gaya masa ba. Ta ce in kuma ya ga rubutun Nasara da tuta a gaba, zai ɗauka takardar gwamnati ce, ya tura ta ƙarƙashin tabarma ko buɗewa bai yi ba. Ka yi mini afuwa, Yaya, amma yarinyar nan ta san ubanta.

Tutar da take faɗa ta Sale ce, ɗan ajinsu. Yaro ne mai tsabtar hannu, ya zana ƙofar lakwal da tuta a sama, layi a miƙe, ba inda ya kauce. Gaskiya ya yi kyau. Ranar zaɓe Mushe ya ɗaga hotunan biyu ya ce a ɗaga hannu. Ina leƙe ta tsakanin kara. Hannuwan Sale suka fi yawa, don yaran sun ce babban mai duba lakwal na Maraɗi zai gani, gara ya fara cin karo da tuta. Na Rabi aka ce ya tafi baya. Mushe ya dafa teburinta ya ce bayan jarida ma shafi ne, ya ce zanenta yana da rai.

Ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida ta ɗauki taɓarya ta hau dakan hatsi, tana kirɓawa, har uwarta ta ce, ke, a hankali, ba turmin ne ya ɗaga hannu ba. Na yi tunanin in je in roƙi Mushe, sai na ga abin da yara suka yanke a tsakaninsu ba na babba ya shiga ba ne, kuma Sale ma ɗan wani ne. Na ce mata zan rubuta maka a takarda cewa ka duba bayan jaridar. Ta ce, sai an karanta masa ke nan.

Injin bugawa Mushe ya aro daga Maraɗi, ya ɗauro shi a bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa. Yana da hannu kamar na injin niƙa, yana wari mai shiga hanci. Sai an sake zana hoto a kan wata takarda ta musamman mai baƙar 'yar'uwa a ƙarƙashi, a danna da ƙarfi, kuma ba a gogewa, in ka kuskure ka kuskure. Rabi ta fara da malafa, a hankali. Da ta zo wuya sai ta ja shi a tashi ɗaya. Ni aka kira juya hannun injin, tunda ina kusa. Ina juyawa kana fitowa, ina juyawa kana fitowa, kai da gorarka, da tawada mai ruwan makuba, har sai da ka cika tebur. Aka buga kowace takarda ciki da bai. 'Yan mata suka jera su, suka ɗinke da allura da zare ta gefen hagu, tuta a sama, kai a can ƙasa fuskarka na kallon tebur.

To yanzu mun dawo ranar Juma'a.

Mushe ya ce kafin a aika wa kowa, a fara kai wa dattawan gari. Ya tura Sale da Rabi da wasu, kowa da 'yan jaridu a hannu. Na biyo su da damin kara a ka, hanyarmu ɗaya. A ƙofar zauren Liman muka tarar da mutane zaune kamar kullum. Sale ya durƙusa ya miƙa wa Liman guda da hannu biyu, tuta a sama, yadda aka koya masa.

Liman ya karɓa ya ce bismillah. Ko kallon tutar bai yi ba. Ya shafa gefe da yatsa, ya ji zaren yana hagu, sai ya kifa ta ya maida zaren hannun dama, yadda yake riƙe kowane littafi tun yana yaro. Ya ɗaga ta kusa da ido. Sai ya ce da ƙarfi, la'ilaha illallahu, wannan ai Isuhu ne bisa gora!

Kafin ka ce me, kowa ya miƙo hannu. Kuma Yaya, na tsaya da damina a ka na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba wanda bai kifa tasa ba. Sarkin Ruwa ya kifa, Ɗan Tani mai shayi ya kifa, Alhaji Na-Allah direban motar garin Ɗan Isa ya kifa. Duk masu allo ne irinka, a wurinsu littafi daga dama yake farawa. Kai ne gaban jarida. Sarkin Ruwa ya ce ku dubi wuyan, wallahi shi ne, haka yake yi kamar mai sauraren gulma. Ɗan Tani ya ce Allah sarki, masunci a garin da ko kwaɗo babu.

Sale ya matso ya ce a hankali, Malam, gafarta, nan ne gaba. Liman ya dube shi ta saman takarda ya ce, yaro, tun ba a haifi ubanka ba nake buɗe littafi. Ya buɗe ta daga dama ya bi shafi-shafi da natsuwa, bai san rubutun ba amma bai tsallake ko ɗaya ba, har ya iso tuta. Ya ce, ka ga, an rufe da tutar ƙasa, haka ya kamata, wa ya yi wannan? Sale ya ce shi ne. Liman ya sa masa albarka. Sannan ya juyo gare ka ya ce, wannan fa?

Rabi tana bayana a laɓe. Na ɗan goce. Ta fito tana kallon ƙasa, ta ɗago ta ga dattawan gari zaune a jere, kowa riƙe da ubanta a gabansa. Ta dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata a rai, cewa kai ma haka za ka riƙe ta. A nan dariyar ta ƙwace mata.

Ana cikin haka Mushe ya iso a mobilet. Ya tsaya ya dubi mutane, ya dubi jaridu duk a juye, ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi da ya auna kowane shafi, wannan kaɗai bai auna ba. Ya kama kafaɗar Sale ya ce naka ne gaba a Maraɗi, na Rabi ne gaba a Madarumfa, ku je ku raba sauran. Na ji yana cewa Liman jarida ta gaba sai ya nemi taimakonsa, a sa ajami ta wancan gefen, tunda ashe ƙofa biyu gare ta.

Tata da aka ba ta, ita ce wannan da na naɗe tare da takardata. Da hannunta ta ɗinke ta, za ka ga inda zaren ya yi ƙulli biyu. Ta hana ni in gaya maka inda za ka duba, ta ce a bar ka kawai. Don haka ina roƙon mai karanta maka, in bai riga ya yi ba, ya aje takardata ya miƙa maka jaridar, kada ya ce komai.

Muna kewarka, Yaya. Ruwan tabki ya dawo bana har gindin bishiyoyin da ka sani, amma ba zan matsa maka ba, kai ka san abin da ya fitar da kai. Allah ya tsare ka a inda kake, ya kare ka daga sharrin dutse da na ƙarfe, ya sa albarka a guminka. Allah ya raya Rabi da ƙannenta, ya ƙara wa Inna lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ne ƙaninka, Lawali.

Don kada ka ce na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Liman yana nan, da Sarkin Ruwa, da Ɗan Tani mai shayi, da Mushe, da Sale. Alhaji Na-Allah ma yana nan, shi ne kuma zai kai takardar nan har Maraɗi ya ba masu motar arewa. In ka dawo ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya.