Gizagon Baba da Ɗanyen Mangwaro

Ƙanƙara, ranar Laraba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Sabuwa. Yaya ƙafar taka?

Baba, daina zargin maƙwabta, gizagonka yana wurina. Na ɗauke shi ranar da ka rantse za ka koma daji saro kirya, wai iccen cikin gari tsagewa yake yi, ba ya kujera. Dajin da 'yan bindiga suka kashe mana Yaya Lawwali! Na ji tsoro, shi ya sa.

Sinadarin da nake bincike a kansa a jami'a, PEG 400, ruwa ne garai mai ɗan kauri kamar man gyaɗa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, suna kutsawa cikin icce su zauna a gurbin ruwan jikinsa, sai ya bushe bai tsuke ba balle ya tsage.

Amma Baba, na ce ka aiko ɗanyen iccen mangwaro in gwada maganin a kansa, sai ga Yahuza direba da busasshe ƙayau, har an shafe shi da man kaɗe! Na san masassaƙi ba ya fitar da ɗanyen aiki, kunya ce a wurinku. To maganina ta danshin icce yake shiga. Kai ka koya mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ari gizagon Malam Almu, ka sassaƙa kujera da ɗanyen iccen, ka naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Hamida

Ƙanƙara, bayan Sallah

Babana,

Sallama da gaisuwa, da fatan an yi Sallah lafiya.

Kujerar ta kwana biyu a Faskari saboda hanya, amma ta iso da danshinta. Na jiƙa ta a maganin makonni, na shanya a inuwa, kullum ina duba ta. Wani guntun iccen da ka haɗo da ita, wanda ban jiƙa ba, ya dare. Ita ko layi babu. Wallahi sai da na yi kuka.

Ga ta nan wurin Yahuza, da jarkar maganin, da gizagonka. Ka ƙwanƙwasa, ka juya ta, ka nemi aibu yadda ka saba. In ka samu, zan sake, ko sau nawa ne. Amma daji kam ka gama shiga. Ya ci mana mutum ɗaya, ba zan ba shi na biyu ba.

A gaida Inna.

Taka,
Hamida